Ɗamarar Baba Jibo

Ɗamara iri ɗaya Zuliha take sayarwa a shagonta na Sabon Gari tun tana amarya, baƙa mai roba, wadda ake ɗaure ƙugu da ita ta tallafi baya. Ita ɗamarar ba ta taɓa canzawa ba, bakin masu talla ne ba ya zama wuri ɗaya. Da farko hoton mai jego ne a kwalinta, wai tana mayar da ciki. Da aka kwana biyu sai aka sa wani tsoho dafe da ƙugu, mai talla a rediyo yana nishi kamar zai cika, yana kiran masu ciwon baya. Mutanen Maradi kuwa, duk wanda ya ji sai ya ce da maƙwabcinsa ake. Yanzu kwalin ya koma hoton wani ƙato mai wuya kamar turmi, an daina zancen ciwo sam, sai ƙarfi da kuzari. Samarin da ko tiyar gero ba su taɓa ɗauka ba, su ne ke rububinta.

Mutum ɗaya ne ya gagari Zuliha, ko da kyauta: mahaifinta, Baba Jibo na Jiratawa. Tsohon ɗan kokawa ne, yanzu manomin zogale, bayansa kuma ya soma yi masa gardama. Likita ya ce ko ya riƙa ɗaure ƙugu ya rage aiki, ko ya bar garka, wato lambun zogalensa. Wanta Hafizu har ya fara cigiyar wanda zai karɓi garkar haya. Zuliha ta san mahaifinta. Ranar da aka raba shi da zogalen nan, ranar zai fara mutuwa, abin kuwa yana ci mata rai. Ta taɓa kai masa ɗamarar a zamanin tsohon kwali, ya dubi hoton, ya dube ta, ya ce ta kai wa marasa lafiya.

Wannan karon sai ta ɗauki sabon kwali, ta hau kabu-kabu, ta same shi a bakin garka yana ƙoƙarin miƙewa yana yi kamar ƙasa yake dubawa.

"Baba, ga wani abu da anka kawo muna, amma ban san ko kana iyawa da shi ba. Na 'yan kokawa ne, sai mai ƙashi."

"Mi kika ce? Ni ne ban iyawa?" Ya fizge kwalin, ya ƙare wa ƙaton kallo. "Wanga yaro? Da zamanina ne, kahin makaɗi ya aje numfashi na kai shi ƙasa. Ɗaura mani."

Ta ɗaura tana cije leɓe kada dariya ta tona ta.

Dabara ta ci, har ta wuce gona da iri. Baba Jibo ya ƙi sa ɗamarar a ƙarƙashin riga, a kan riga yake ɗaura ta kowa ya gani. Aka yi suna a Tibiri, ya tafi da ita. Ciwon bayan ya lafa da gaske, Hafizu ya bar zancen haya, Zuliha tana ta yabon kanta. Abin da ta manta shi ne tsohon ya gaskata kwalin gaba ɗaya. Wata safiya aka tashi mayar da injin ban-ruwa ɗaya gefen garka, injin da samari biyu ke kamawa suna haki. Baba Jibo ya ce kowa ya matsa. Ya ƙara tamke ɗamara, ya tofa yawu a hannu, ya sunkuya. A amalanke aka kai shi gida.

Da Zuliha ta iso ta tarar da shi kwance a tabarma, ɗamarar a yashe gefe, Hafizu tsaye a zaure yana waya da mai haya. Duk wayonta ya gudu, sai kunya da tsoro. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya juyo ya dube ta.

"Zuliha, wagga ta yara ce, ta hi ƙarhina. Waccan da kinka taɓa kawo mani, ta tsohhi, akwai saura?"

"Akwai, Baba. Tana cikin jakata."

Ta tattara ɗamarar ta fita, ta laɓe a bayan rumbu, ta karkaɗe ta, ta ninke, ta share idonta da bakin mayafi. Tun da take, ba ta taɓa jin mahaifinta ya sa kansa cikin tsofaffi ba. Ta dawo ta ɗaura masa a hankali, a ƙarƙashin riga. Ya motsa ƙugu, ya sauke ajiyar zuciya.

"Yawwa. Wagga ta hi sanin mutunci." Sai ya ɗaga murya. "Hafizu! Kashe wayan nan, garkata ba ta haya ba ce. Gobe kai da ƙanenka ku ɗauki inji. Ni ku aje mani kujera gindin mangwaro, daga nan ma ina ganin wanda bai aiki."