Hukuncin Jimrau Mai Haƙuri

Jimrau makiyayi ne na wajen Korahane, mutum mai shiru, wanda ko saniya ta take masa ƙafa sai ya jira ta ɗauke don kanta. Laifinsa guda a duniya shi ne, wata ranar kasuwa da babbar mota ta shigo Dakoro daga Maradi, direban ya danna oda a bayansa, shi kuwa ya zubar da sanda da takalma ya haye tsamiya. Kowa ya yi dariya ya manta, ban da Cindo mai awon hatsi.

Cindo ya mai da abin sana'a. Da ya hango malafar Jimrau sai ya ajiye tiyar awo, ya kumbura baki ya yi kukan mota, ya tambaye shi ko yau an share masa reshe. In dattawa suka tsawata, sai ya ce ai kakarsa Babarbariya ce, wasa da Bafillace gadonsa ne. Ba wanda ya taɓa ganin kakar nan, amma wa zai tono kabari don Jimrau? Haka aka yi shekara da shekaru. Turawa suka naɗe tutarsu, ƙasa ta samu ƴancin kai, Cindo bai fasa ba, Jimrau kuma bai tanka ba.

Sai wata kaka Cindo ya dawo daga Maradi da oda ta gaske, irin ta roba da ake matsawa. Ranar kuwa Jimrau ya zo kasuwa da surukinsa Samba, uban matarsa Aisata, tsoho mai girma wanda Jimrau ko ruwa ba ya sha a gabansa. Yana durƙushe yana yi wa tsohon bayanin wata karsana, Cindo ya lallaɓo ya matsa masa odar a kunne. Jimrau ya yi sama, ya faɗa cikin ƙwaryar nonon wata mata, ya miƙe fari fat daga gemu har gwiwa. Kasuwa ta kece da dariya. Samba ya kau da kai ya shiga duban gajimare.

Jimrau ya share nonon fuskarsa kawai, don ba a faɗa a gaban suruki. Ya raka tsohon har bayan gari, ya ɗora shi bisa jaki, suka yi sallama mai tsawo, ya tsaya har tsohon ya ɓace masa. Sannan ya dawo a natse, ya ɗaga sanda ya sauke wa Cindo a baki. Haƙoran gaba suka zube cikin gero. Daga nan ya zauna kusa da buhun yana jiran jandarma su zo su kama shi.

Alƙalin gwamnati saurayi ne sabon zuwa, mai farar riga da babban littafi, ga tafintansa Badaru a gefe. Jimrau ya shiga da ƙarfin zuciya, don wani a kaso, inda aka tsare shi, ya gaya masa dokar Nasara tana sassauta wa wanda aka tsokana. Ya kwashe labari tun daga tsamiya, shaidu suka gaskata shi, har wasu suka gwada kukan motar don alƙali ya fahimta sosai.

Alƙali ya tambaya ko Cindo ya taɓa dukansa. Aka ce a'a. Ko ya shaƙe shi, ko ya zare masa wuƙa? A'a. Sai ya yi bayani, Badaru yana juyawa, cewa tsokanar da doka ta sani ita ce ta duka ko mugun cin zarafi da hannu. Magana iska ce, oda kuma ba ta fasa fata. Ban da haka, ko an samu tsokana, sai mutum ya rama nan take, jini na tafasa. Shi kuwa Jimrau ya raka baƙo, ya yi gaisuwa, ya dawo da ƙafarsa, wannan alama ce ta wanda ya huce ya shirya.

Jimrau ya dubi tafinta ya ce, "Malam Badaru, tambayar mini shi. Da na kwaɗe shi a gaban surukina kamar ɗan iska, da laifin ya ragu?"

Badaru ya tambaya, ya saurara, ya juyo. "Ya ce da ya fi maka sauƙi."

"To da shi ya fara marina fa?"

"Da ka ji daɗin doka ƙwarai."

Aka yanke masa ɗaurin wasu watanni. Ya yi su yana ban ruwan lambu da ɗaukar itace, a tsakiyar ɓarayin raƙuma da mashaya, malaman da suka koya masa zagin da bai san akwai shi a harshen mutane ba. Ya fito da ilimi biyu, na doka da na baki.

Ranar kasuwa ta farko ya tsaya gaban rumfar Cindo, ya harɗe hannu a baya don kowa ya shaida, ya miƙa kumatu, ya fara. Ya taɓo giɓin, ya taɓo tiyar da gindinta ya loɓa ciki, ya gangara har kan kakar da ba a taɓa gani ba. Bukatarsa mari ɗaya tak, sauran aikin sanda ta san shi. Amma Cindo ma yana zaure ranar shari'a, ya ji karatun da kunnensa. Sai ya zauna bisa hannuwansa, yana ramawa da bakin da ke fitar da fito maimakon magana.

Haka Dakoro ta samu mutum biyu mafi bin doka a ƙasar. Mutane suka riƙa barin ciniki suna zuwa sauraro, masu sayen gero kuwa suka koma wata rumfa, don ba mai son awo daga mutumin da ya zaune hannunsa. Shanun Jimrau suka koma hannun Aisata, wadda ta ce gara shekarun shiru, ko ba komai lokacin yana dawowa da gishiri.

Cindo ne ya fara gajiya. Da damina ta kama ya kwashe buhunansa ya koma Maradi wajen ƙaninsa, bai yi wa kowa sallama ba. Jimrau ya zo ya tarar da wani baƙo mai sai da tabarmi a rumfar. Ya daɗe a tsaye, bakinsa cike da sababbin maganganun da ya tsara a hanya. Baƙon ya yi masa maraba, ya tambaye shi babba yake so ko ƙarama. Jimrau ya sayi ƙarama ya koma Korahane.