Ranar da Gaji Ya Saki Linzami

Gaji mutumin Barwa ne, can bakin Komadugu kusa da Boso. Tun yana saurayi yake hawan dawakin sukuwa, ga shi siriri marar nauyi, shi ya sa masu dawaki ke rububinsa. Da ƴan bindiga suka tashi garinsu, abin da ya fito da shi yayarsa ce, Ya Fanna, sai wani bidin doki mai suna Kanadi. Dokin na mijinta ne, wanda aka harbe a gonar tattasai.

Suka sami bukka cikin ƴan gudun hijira a gefen Difa. In Ya Fanna ta surfa geron agaji, dusar ta Kanadi ce. Gaji kuwa yakan yanko masa ciyawa a fadama, iyakar inda sojoji suka yarda a taka. An yi ta zuwa taya dokin, ita kuma tana cewa ba na sayarwa ba ne.

Kanadi yana da halinsa. Ba ya son a matsa masa tun daga tashi. Sai an bar shi a baya ya ɗauki numfashi, in sauran sun fara haki, sannan ya miƙe ya riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya. Duk duniya ba wanda ya san wannan kamar Gaji.

Shekaru aka yi ba sukuwa saboda dokar ta-ɓaci. Da abubuwa suka ɗan lafa, hukuma ta ba da izinin yin tsere bayan girbi, dawaki suka zo har daga Maine-Sorowa. Wani Balarabe mai raƙuma, Ammar, ya kawo biyu, ja da baƙi. Gaji ya tsaya ya kalli yadda ake motsa su a fili, ya koma gida ya ce wa yayarsa:

"Ya Fanna, na gane dabararsu. Jan nan ba don ya ci aka kawo shi ba. Zai fita a guje ne ya ja sauran, su ƙone ƙarfinsu wajen binsa. Baƙin yana baya yana jira."

"To kai fa?" in ji ta.

"Ni ma jira zan yi. Sai zagayen ƙarshe."

"Allah ya sa. Ka dai dawo mini da shi lafiya."

Ranar tseren da la'asar, mutanen Barwa suka fito kaf, suka cika kwanar farko. Har tsoho Zakariya'u, wanda bai taɓa caca ba, ya yi fare da wani mahauci a kan akuyarsa cewa Kanadi zai ci.

Aka sauke tuta. Jan Ammar ya fice kamar yadda Gaji ya faɗa, dawaki suka ɗunguma bayansa. Gaji ya danne linzami, Kanadi na tafiya a natse, baƙin kuma yana kusa da su. Komai daidai.

Suna isa kwanar sai ya ji ihun. "Barwa! Barwa!" Mata na guɗa, tsofaffi na ɗaga sanduna. Tun da suka gudo bai ƙara jin sunan garinsu a bakin mai murna ba, sai a rediyo in ana lissafin gawa, ko a layin rabon abinci. Ga shi yau ana kiransa da ƙarfi, dokin Barwa kuwa yana can ƙarshe yana shan ƙasar da wasu suka tayar. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya ce bari dai su gan shi a gaba ko sau ɗaya, daga baya ya ja shi. Ya sassauta hannu, ya dunguri dokin da diddige.

Kanadi ya amsa. Ya ratsa ta waje, ya kamo jan, suka jera wuya da wuya. Mahayin jan ya waiwayo ya yi murmushi, ya ƙara wuta. A nan Gaji ya so ya ja, amma dokin ya riga ya yi zafi, ya ƙi saurara. Da suka sake zagayowa kwanar, Kanadi ne a gaba, mutanen Barwa kamar su faɗo cikin fili. Shi kuwa Gaji yana jin numfashin dokin ya sauya a ƙarƙashin gwiwoyinsa.

A zagayen ƙarshe jan ya janye gefe, aikinsa ya ƙare. Baƙin ya zo ya wuce su ba tare da an ko ɗaga masa bulala ba. Gaji ya sa tasa bulalar, abin da bai taɓa yi wa Kanadi ba. Dokin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sai ƙafar gaba ta turguɗe, ya ƙarasa yana ɗingishi.

Ba wanda ya zage shi. Zakariya'u ya kwance akuyarsa ya miƙa wa mahaucin, ya zo ya dafa kafaɗar Gaji ya ce, "Ɗana, mun dai gan shi a gaba." Wannan ta fi zagi ciwo.

Ya Fanna ta durƙusa ta shafa ƙafar da ta kumbura. Ba ta ɗago ba ta ce, "Gaji, ƙwace maka ya yi?"

"A'a, Ya Fanna. Ni na sake shi."

Ta yi ta gasa ƙafar da ruwan zafi da kanwa har kumburin ya sauka, amma jijiyar ba ta koma daidai ba. Wani makiyayi daga Ngelbeli ya karɓi dokin don ya riƙa yi wa goɗiyoyinsa barbara da shi. Ammar ya aiko yana son Gaji ya hau masa baƙin a tseren Maine, Gaji ya ce a yi masa godiya, ba zai hau ba. Da tattasai ya nuna, ya shiga cikin masu dakon buhuna a kasuwar Difa.