Ɓarawon Bijiminsa

Hajo na cikin tatsa ƙanwarta Lauratu ta faɗo rugar ba ko sallama, ƙafafunta fututu da ƙura. Tana haki ta tambayi inda Hammawa yake. Hajo ta ce tun da safe mijin nata ya ja farin bijiminsa mai karyayyen ƙaho zuwa kasuwa, wai zai musanya shi da karsana.

Lauratu ta zauna dirshan a ƙasa.

"Yaya, jiya an nuna shi a majigi a garinmu. An ce ɓarawon shanu ne."

*

Da kaka ne wasu 'yan birni suka zo Ruwan Bago, garin su Hajo, da na'urar ɗaukar fim, suka ce aikin wayar da kai suke yi. Suka ga Hammawa dogo, ga sanda ga malafa, suka ce shi suke nema. Shi kuwa bawan Allah bai iya cewa a'a ba, ko akuya ce ta roƙe shi. Aka sa shi ya yi sanɗa ya kwance bijimin nasa na kansa, aka sa maƙwabcinsu Shitu ya yi ta salati a matsayin mai shi. Ranar Hajo ta yi dariya har cikinta ya ƙulle.

Amma abin da Lauratu ta gani bai yi kama da wasa ba. Wata murya mai nauyi, irin ta masu karanta labarai a rediyo, ta faɗi sunansa na gaskiya da na garinsu. Ana tsaka da kallo injin wuta ya mutu. Jama'a suka watse suna tsinuwa, kuma da yawansu ɓarayi sun kwashe musu shanu a bana. Kuma yau duk kasuwar da ya tafi za su ci.

Tsoro ya kama Hajo har ƙwaryar nonon ta suɓuce daga hannunta. Ta fita da gudu, ko takalmi babu, tana ta roƙon Allah ya sa ba su gane shi ba. Amma wa zai manta da wannan ƙahon?

Ba ta kai kasuwar ba. A bakin rafi ta haɗu da bijimin yana tahowa shi kaɗai, igiyarsa na jan ƙasa.

*

Bayan ta fita takaba motar majigi ta iso Ruwan Bago. Hajo ta tsaya can baya. Wannan karon injin bai mutu ba, ta ga ƙarshen fim ɗin. An kama Hammawa, an ɗaga sanduna, sai wani dattijo ya shiga tsakani, aka miƙa shi ga 'yan sanda ko ƙwarzane babu.

"Kada ku ɗauki doka a hannunku," in ji muryar.

Hammawa ya waiwayo yana cije leɓe, yadda yake yi idan dariya na cin sa. Sai ƙyallen majigin ya koma fari.