Yatsan yarinya a kumatun Demita

Kafisiyas dai gwanin gumakan yumɓu ne a garin Tanagara, amma tsufa ba ya barin gwani. Hannu ya soma rawa, gina fuska ya gagare shi. In ya gina Demita, allahiyar hatsi, sai ta fito kamar mai ciwon haƙori, maƙwabta suna dariya ƙasa-ƙasa.

To, idan ɗakin bauta ya cika da gumakan sadaka, masu hidima kan farfasa tsofaffin su binne a rami, don abin da aka ba allahiya ba ya komawa hannun mutum. Can Kafisiyas ya laɓaɓa ana ruwan sama, ya tono kan wata Demita kyakkyawa. Ya danna ɗanyen yumɓu a fuskar ya kwashi siffarta, ya yi ta buga sababbin gumaka da ita. Akwai ɗan lotso a kumatun, bai ma kula ba.

Ran bikin shuka ya jera su a bakin hanya, yana hura hanci.

"Kai, tsoho, ashe da sauranka!" in ji mai sayar da zaitun. "Mun ɗauka ka gama yayi."

Sai ga Nikareta, wata tsohuwa mai saƙa, ta ɗauki ɗaya. Ta daɗe tana kallo, sai hawaye.

"Wannan yatsan 'yata ne," ta ce. "Shekarun baya mun je wurin magini, ta taɓa kumatun wani gunki tun yumɓun bai bushe ba, har na make mata hannu. Da zazzaɓi ya ɗauke ta, gunkin nan na kai ɗakin bauta."

 Shi ke nan, asiri ya tonu. Kafisiyas ya sunkuyar da kai yana jiran a ce ɓarawo.

Ina! Tsohuwa ta bi gumakan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lotson. Ta ɗaga murya:

"Jama'a, ku zo ku gani! Demita ba ta manta da yarinyata ba. Ta hannun mutumin nan ta aiko mini!"

Mutane suka yi caa, kowa na son ya taɓa rigarsa. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma jifansa suka yi. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ga tsohuwar tana dariya cikin kuka, ya kasa.

Ta kama hannayensa masu rawa ta ɗora a goshinta.

"Malam," ta ce, "hannun nan mai tsarki ne. Sa mini albarka."