Katifa a Ɗakin Ajiyar Fenti

Mai Fenti ya ci amana, kuma ba ƙaramar amana ba. Ɗan mutane aka damƙa masa, ya sa hannu a takarda cewa zai riƙe shi kamar nasa, sannan ya jefa shi ɗakin da mai hankali ba zai ɗaure ko akuya a ciki ba.

Ga yadda abin ya faro. Jami'ar garin ta ƙulla yarjejeniya da wata jami'a a wata ƙasa mai nisa: ɗalibai biyu su tafi can shekara guda, biyu su zo nan. Sharaɗin ba shi da wuyar ganewa. Duk gidan da aka ɗauki ɗansa, shi zai sauki wanda ya zo a madadinsa, a ɗakin ɗan, a kan gadonsa, ci da sha tare da mutanen gida. A wannan shekara sa'a ta faɗa wa dangi ɗaya. An ɗauki ɗan Mai Fenti, an kuma ɗauki Auta, 'yar Mai Walda, wanda ke auren ƙanwar Mai Fentin.

Mai Walda bai so tafiyar ba da farko. Mutum ne da bai yi nisa a makaranta ba, kuma ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba. Amma Auta tana karanta aikin tace ruwa, kuma na'urar da za ta gwada aikinta na kammala digiri babu ita a jami'arsu. Ta zaunar da shi a bakin shagonsa, ta zana masa na'urar a bayan kwalin waya, ta nuna masa inda ruwa ke shiga da inda yake fita. Ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce, "Kawo takardar."

Wadda ta zo a madadin Auta wata yarinya ce mai gilashi, wadda ba ta barin komai ya wuce ba ta nemi dalilinsa ba. Cikin mako guda Umman Auta ta raɗa mata suna Tambaya, sunan kuma ya bi ta. Ta kwana a gadon Auta, ta ci a kwanon Auta, har faɗan da ake yi wa Auta kan barin fitila a kunne ta gada. Kafin wata uku bakinta ya kama yaren gida.

Wanda ya sauka gidan Mai Fenti saurayi ne dogo, marar hayaniya. Komai aka yi masa sai ya yi godiya, ko hanya ka ba shi ya wuce, don haka unguwa ta sa masa Nagode. Yakan zo gaisuwa gidan Mai Walda jefi-jefi, ya sha shayi, ya yi tari, ya tafi. Umman Auta ta ce sauyin iska ne. Mai Walda ya yarda, don yarda ta fi masa sauƙi. A nan shi ma yana da nasa laifin: wata biyar yaron yana bayan layinsu, bai taɓa zuwa ya ga inda yake kwana ba.

Aiki ne ya kai shi. Wata safiya Mai Fenti ya aiko a zo a ƙara wa ƙofar ɗakin ajiyarsa sakata. Ɗakin yana bayan shago, ba taga, sai wata 'yar kafa kusa da rufi da ba ta fi tafin hannu ba. Mai Walda ya tura ƙofa, wari ya doke shi har idonsa ya kawo ruwa. Gwangwanayen fenti jere har sama, ga duro biyu na ruwan sirka fenti. A tsakaninsu an shimfiɗa katifa. Littattafai na kan wani bokiti da aka kifa, riga biyu na rataye a ƙusa. A kan katifar Nagode ne kwance, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohon zuga-zugin maƙera.

Yaron ya yunƙura zai tashi. "Baba, sannu da zuwa. Na gode."

"Ka gode da me?" in ji Mai Walda. "Kwanta."

Ya fita ya sami surukinsa a kan kujera yana danna waya.

"Yaya, ina ɗakin ɗanka?"

"Yana nan. Me ya faru?"

"Wa ke ciki?"

Mai Fenti ya ajiye wayar. "Na sa ɗan haya. Ɗaki mai banɗaki a ciki, in bar shi shekara guda ga baƙo? Ai yaron bai yi ƙorafi ba. Tambaye shi. Kullum godiya yake yi."

"Ɗanka kuma a ina yake kwana a can?"

"Su ai masu hali ne."

"Uwar yaron nan direbar bas ce, Yaya. Ita kaɗai ce. Tambaya ta gaya mini."

Mai Walda ya kira Tambaya a waya, ta bar aji ta zo. Da ta ga ɗakin sai ta dafe baki. Ta ce ta san ba ya jin daɗi, amma ya hana ta zuwa, ya kuma sa ta yi alkawarin ba za ta tona ba. Mai Walda ya ce a kama shi a kai asibitin jami'a yanzu. Tambaya ta ja shi gefe.

"Baba, akwai abin da ya kamata ka sani kafin mu tafi. Idan likitan jami'a ya ga wurin kwana ne ya jawo ciwon, dole ya rubuta wa ofishin musaya. Doka ce. Kuma a yarjejeniyar, in gida ɗaya ya karya sharaɗi, mu huɗun duka ake mayarwa. Ni da shi mu koma, Auta da ɗan Kawu su dawo. Shi ya sa ya yi shiru."

"Auta saura wata huɗu ta gama gwajinta."

"Na sani, Baba."

Mai Fenti, wanda ya matso yana saurare, ya sami abin kamawa. "To ka ji, Baban Auta. Kai shi wurin mai kemis na kan kwana, a ba shi maganin tari. Zan share masa wani lungu a falo. Kowa ya rufa wa kowa asiri. Ko so kake ka rusa wa 'yarka shekara saboda ɗan wasu?"

Mai Walda ya tsaya da sakatar da ya zo sakawa a hannunsa. Ya tuna kwalin da Auta ta yi masa zane, wanda har yau yana manne a bangon shagonsa. Daga cikin ɗakin tarin ya sake tashi, mai tsawo, irin wanda ba ya barin mutum ya ja numfashi.

Ya jefar da sakatar a gaban Mai Fenti. "Tambaya, tare mana mota."

Likita ya kwantar da Nagode kwana shida. Ya ce da an ƙara wata guda a ɗakin nan, da huhun ya tafi ke nan. Ya rubuta rahoto kamar yadda doka ta ce. Kafin a sallami yaron, amsa ta zo daga waccan jami'ar: an ba da kwana goma, kowa ya haɗa kayansa.

Mai Walda da kansa ya kira Auta ya gaya mata. 

"Baba, na riga na haɗa rabin gwajin. In na bar shi, daga farko zan sake, kuma ba inda zan sake shi."

"Na sani. Ni na kai shi asibitin, kuma an gaya mini abin da zai biyo baya. In za ki yi fushi, da ni za ki yi."

Ta ja hanci. "Yana samun sauƙi?"

"Yana samu."

"To shi ke nan, Baba."

Umman Auta ta yi kuka, ta yi wa yayanta wankin babban bargo a waya, sannan ta share hawaye ta ce ko kwana goma ne, yaron ba zai koma gidan can ba. Gidansu ɗaki biyu ne da falo, sai wani ɗan ɗaki a tsakar gida inda Mai Walda ke tara ƙarafa. Ya rufe shago kwana uku. Ya kwashe ƙarafan, ya ɗauki guduma ya fasa bango ta gefen da iska ke shigowa, ya haɗa taga mai faɗi mai murfi biyu. Ya auna tsawon yaron da ido, ya yi masa gadon ƙarfe. Tambaya ta wanke ƙasa sau uku. Da maƙwabci ya ba da shawarar a shafa wa bangon fenti, Umman Auta ta yi masa wani kallo, ya janye shawararsa.

"Wannan wahala duk don kwana huɗun da suka rage?" in ji maƙwabcin daga baya.

"Ko kwana ɗaya ne, ya kwana kamar mutum," in ji Mai Walda.

Ana saura kwana biyu, shugabar ofishin musaya ta zo gidan, wata mata mai ƙaramin jiki da babbar jaka. Ta duba ɗakin, ta zauna a kan gadon, ta rubuta abin da za ta rubuta. Ta ce ita ba ta da ikon janye hukuncin. Amma waccan jami'ar ta yarda da abu ɗaya: tunda uwar yaron ce aka zalunta, in ta sa hannu cewa ta amince ɗanta ya zauna, za a bar kowa ya ƙarasa shekararsa. In ta ƙi, magana ta ƙare. Ta buɗe kwamfutarta a kan teburin falo ta kira.

Uwar yaron ta bayyana a fuskar kwamfutar da rigar aiki a jikinta, da alama daga tuƙi ta sauko. Fuskarta ba fara'a. A gefenta, a teburin cin abincinta, ɗan Mai Fenti ne zaune, kansa a ƙasa. Tambaya ta tsaya tana fassara.

Matar ba ta gaisa da kowa ba sai da ta ga ɗanta. Ta sa shi ya ja numfashi ta ji. Sannan ta ce a kai ta ɗakin. Aka ɗauki kwamfutar aka zagaya da ita. Ta ce a buɗe tagar. Aka buɗe, labulen da Umman Auta ta ɗinka ya kaɗa.

"Wa ya fasa bangon?"

Aka nuna Mai Walda, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Kai ne ka kai shi asibiti?"

"Ni ne. Kuma ni ne na yi wata biyar ban leƙa inda yake kwana ba. Ki haɗa da wannan."

"Ɗana ya ce an gaya maka 'yarka za ta rasa shekararta."

"An gaya mini."

Matar ta dube shi sama da ƙasa. Can ta ce, "Na ga 'yarka. Ranar da takardar ta fito ta hau bas ɗina, ta tsaya har na gama zagaye, don kawai ta ba ni haƙuri kan abin da ba ita ta yi ba. Ba ta roƙe ni komai ba." Ta ɗora hannu a kafaɗar ɗan Mai Fenti. "Wannan kuma kwana uku bai ci abinci ba don kunya. Shi bai yi mini komai ba. Yana kwana a gadon ɗana, kuma a nan zai ci gaba da kwana." Ta juya ga shugabar. "Turo takardar. In a gidan mai tagar zai zauna, na yarda."

Umman Auta ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Mai Walda ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Mutumin da ke iya yi wa unguwa guda faɗa ba tare da ya haɗiye yawu ba, ya tsaya yana motsa leɓe.

Nagode ya taɓa shi. "Baba, in ara maka 'na gode' guda ɗaya? Ina da su da yawa."

Dariya ta ɓarke, har matar da ke cikin kwamfuta ta yi murmushi da aka fassara mata. Mai Walda ya matso kusa, ya ce, "Baiwar Allah, na gode. Allah ya raya miki shi. Abin da kika yi wa 'yata, ba ni da bakin biya."

"Ka ciyar da shi kawai," in ji ta. "Ya rame."

An ciyar da shi. Umman Auta ta ɗauki maganar kamar umarnin likita, har sai da wandunansa suka daina shigarsa. Da yamma yakan zauna a bakin shagon walda, nesa da hayaƙi, shi da Tambaya suna gardama kan zanen da ke manne a bango. Auta ta gama gwajinta, ta dawo da sakamakon da ya sa malamanta suka nemi ta zauna ta koyar. Har yau duk ƙarshen wata Mai Walda yakan sa a kira masa direbar bas, su gaisa, ya tambayi lafiyar motar.

Mai Fenti kuwa, rahoton likita bai tsaya a jami'a ba. Hukumar lafiya ta zo ta ga duro biyun nan a cikin gidan da mutane ke kwana, ta rufe shagon, ta karɓe lasisinsa. Ɗan hayar ya tashi. Ranar da ɗansa ya dawo, Mai Fenti ya je filin jirgi da sabuwar riga. Yaron ya gaishe shi kamar yadda ake gaida uba, sannan ya sa akwatinsa a motar da Mai Walda ya zo da ita. A ɗakin nan mai taga ya sauka. Shekara biyu ke nan, bai kwana a gidan ubansa ba.