Butar Habasha

Namadi ya danne ɗan injinsa na niƙan gahawa tsakanin gwiwoyinsa yana murza hannun, kunnensa kuwa yana ƙofar zaure. Tun da aka fito sallar asuba yake jiran sallamar amininsa Dawuda. Garwashi ya nuna har ya soma toka, ƙamshin gahawar da matarsa Lauratu ta soya a kasko ya cika zauren, amma abin dafawa babu.

Abin dafawar nan kuwa, kaf Tambuwal babu mai irinsa. Wata 'yar buta ce ta farin ƙarfe, wadda ake murɗewa a ƙugu ta rabu biyu. A zuba ruwa a ƙasa, a cika ɗan mazurarinta da gari, a ɗaure tam, a ɗora a wuta. In ta ji zafi sai ta kama gurnani kamar tsohon bunsuru, gahawa ta hauro sama baƙa ƙirin, mai kauri, wadda kurɓi biyu ke hana mutum gyangyaɗi har azahar. Namadi ya samo ta ne a Habasha lokacin da yake soja, a hannun wani fursuna ɗan Italiya wanda Namadin ya ba bargonsa saboda sanyi. Injin niƙan kuma a Kano ya tsince shi da araha, ɗan akwatin katako mai aljihu a gindi.

Da ya dawo gida ya ɗanɗana wa mutane, kowa ya tofar, aka ce soja ya koyo shan maɗaci. Dawuda kaɗai ya daure har ya saba. Tun daga nan kofi biyu ke rataye a ƙusa a bangon zauren, mai ɓallin baki shi ne na Dawuda. Sun aurar da 'ya'ya, sun binne iyaye, sun ga an sauke tutar Turawa an ɗaga sabuwa, duk a kan tabarmar nan da kofunan nan.

Jiya ne Dawuda ya zo aro. Wani babban ma'aikaci daga Kaduna zai ya da zango a gidansa kafin ya wuce Kebbe, shi kuwa Dawuda ya daɗe yana neman lasin ɗin sayen auduga. Namadi bai taɓa barin butar ta ƙetare ƙofarsa ba, amma da hannunsa ya naɗe ta a tsumma, ya ƙulla masa gari. Har ya ce zai zo ya dafa musu. Dawuda ya ce a'a, kada ya wahala, ai shekara da shekaru yana kallon yadda ake yi.

Lauratu ta leƙo daga cikin gida, ta tsaya jikin bango tana murza bakin zanenta.

"Malam, wutar ga banza taka ci. Butar ba ta dawowa."

Hannun injin ya tsaya. "Mi kic ce?"

"Hindatu taf faɗa mini, matar shi Dawudan. Baƙon yash sha, yay yi ta yabon butar. Dawuda yac ce mai, ranka shi daɗe, taka ta." Ta sassauta murya. "Wai kuma cewa yay yi shi yas sawo ta Makka."

Makka! Namadi ya saki hannun injin. Bargonsa, sanyin duwatsun Habasha, duk an shafe da kalma guda, a bakin mutumin da ya ji labarin har ya haddace shi.

Amma zuciya ba ta son rasa aboki, sai ta shiga nema masa mafita. Kowa ya san al'ada, in babban baƙo ya yaba abu a gidanka, ka ce masa nasa ne. Baƙo mai kunya kan yi godiya ya bar maka kayanka, wannan dai da alama an bar kunyarsa a Kaduna. Watakila baki ne ya suɓuce wa Dawuda. Watakila yanzu haka yana can ya rasa idon da zai dube shi da shi. Namadi ya yanke cewa in ya shigo kansa a sunkuye, zai yi masa faɗa sosai, sannan ya yafe. Har ya fara tsara faɗan a ransa.

Hantsi ya ɗaga sai ga sallama. Dawuda ya shigo da sabuwar riga tana ƙarar shuni, fuska wasai, ya zauna a gurbinsa na kullum.

"Namadi, taya ni murna, lasin ya samu!"

"Madalla. Ina buta?"

Dawuda ya yi 'yar dariya, ya gyara hula. "Ai ka san manya. Kuma in gaya maka gaskiya, tun Sakkwato nij ji labari shi mai son gahawa na, ya sha ta ƙasar Turawa. Nic ce to, ga inda za a kama shi. Kai ma ka ga dabara ta ci."

Namadi ya dube shi. Ashe ba suɓutar baki ba ce. Tun lokacin da yake naɗe butar a tsumma, yana gargaɗin kada a cika mata wuta, Dawuda ya san ba za ta dawo ba. Faɗan da ya tsara ya watse, bai ga ma amfanin yinsa ba. Wani baƙin ciki mai sanyi ya sauko masa, irin na ranar zaman makoki.

"Abu guda yar rage," in ji Dawuda, yana satar kallon injin. "Direban baƙon ya gwada daka gahawa ga turmi, ba ta yi ba. Shina jirana bakin tasha kahin su kama hanyar Kebbe. Tunda kai yanzu ba ka da buta, injin ga mi za shi yi maka? In auduga ta fito, ni ka sawo maka rediyo."

Namadi ya dubi injin. Ya jawo aljihun injin, ya juye garin a tafin hannunsa, ya shinshina, ya zuba a garwashi. Hayaƙi mai ɗaci ya tashi. Ya hure injin, ya goge da bakin rigarsa, ya miƙa.

Dawuda ya karɓa da hannu biyu. "Na san ba ka ba ni kunya! Gobe in sha Allahu nika zowa mu yi hira."

Namadi ya miƙe, ya ciro kofi mai ɓallin baki daga ƙusa, ya goge shi shi ma, ya ɗora a kan injin.

"Wanga fa?" in ji Dawuda.

"Naka na. Kada ka sha wahalar dawowa ɗauka."

Dawuda ya dubi kofin. Ya daɗe tsaye da kayan a hannu, yana jiran a ce masa wasa ne. Namadi ya riga ya juya masa baya, ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

"Lauratu, zo ki kwashe garwashin ga, ki yi ɗumame da shi."