Laifin Jar Dawa

Ni Hajjo haihuwata bakwai, kuma duk unguwarmu ta Banifandou babu wanda bai ji haka daga bakina ba. Mai ciki in ta gifta ƙofar gidanmu, daga tafiyarta nake faɗin watan da za ta sauka. Shi ya sa abin da ya faru a shekarar fari, lokacin da sojoji ke rabon jar dawa ta taimako, har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ƙanena Illo direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Matarsa Zinariya na da cikin fari, ya shiga wata tara. Da gida ya kamata ta tafi goyon ciki, can garin Tawa, amma yunwa ta watsa iyayenta. Sai Illo ya kawo mini ita, ya ce amana, ya ja mota ya yi Agadas.

Jar dawan nan kuwa ba ta raga wa cikin kowa ba. Duk wanda ya ci tuwonta sai ya wuni yana zaryar bayan gida. Rannan da hantsi na ga Zinariya ta dafa turmi ta runtse ido, jim kaɗan ta saki ta ci gaba da shara. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai.

"Ba komai, Yaya. Cikina ne ke ɗan murɗawa."

Na ce dawa ce, na jiƙa mata kanwa. Na kuma ce ta ɗauko mayafi, don ranar rabo ce, kuma wanda ya zo da ƙafarsa kaɗai ake auna wa tiya. Ni da na fi kowa sanin mai cikin fari ba ta furta naƙuda gaban yayar miji ko za ta mutu. Ni kaina a haihuwata ta fari wuni na yi ina cizon gefen zane. Na san wannan sarai, amma idona na kan tiya.

Muka tsaya layi cikin rana. A bayanmu akwai wata tsohuwa Bazabarma, ba ta ko kallon buhunan dawar, Zinariya take kallo. Can ta ɗora hannu a kan cikin yarinyar, ta jira, da ƴar Hausarta ta tambaya ko ciwon daga baya yake tasowa ya zagayo mara, ko yana tafiya yana dawowa, ko yanzu ya fi na ɗazu kusa-kusa. Zinariya ta yi ta gyaɗa kai. Ta ce tun asuba. Ta ce ta ma ga majina da ɗan jini.

Maimakon in yi shiru, sai na hayayyaƙo. Na ce wa tsohuwar ta cire hannunta, bakwai na haifa, ba a koya mini ciki. Ban rufe baki ba faya ta fashe, nan gaban sojoji da layin maza.

Mata suka kwance mayafai suka yi mata zobe. Wani soja ya tare taksi. Tsohuwar ce ta riƙe ta har matarnite, asibitin haihuwa, ni ina gaba rungume da kwanon awo kamar wata doluwa.

Yaron ya fito a galabaice, sai da aka daɗe ana murza shi kafin ya yi kuka. Ungozomar ta fito tana faɗa, tana tambayar wace ce babba a gidan, da aka bar mai naƙuda tsaye a rana. Na duƙar da kai.

Kwana uku bayan haka Illo ya dawo. Ya shiga ya ga ɗansa, ya fito ya durƙusa gabana idonsa da ƙwalla.

"Yaya, Allah ya saka. Zinariya ta ce ke kika gane tun da wuri, da ba don ke ba da mun rasa shi."

Na dubi ɗakin. Tana zaune tana ba yaron nono, ba ta ɗago ba. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina cewa amin.